Sakatar Bindigar Baba Mijid

*Zuwa ga masu layin tsofaffin bindigogi a kasuwar Ulan Bator, da duk mai wucewa da ya iya karatu*

Wa a cikinku ya taɓa ɗora kumatunsa a kan bindigar da yake shirin sayarwa, ya danna kunama da kansa? Kai mai hular dila? Kai mai haƙorin zinariya? Babu ko ɗaya. Leƙa bututu kuka iya, da shafa wa katako mai, da rantsuwa. Ni ne Yondon, wanda kuke kira Malam Lamba don na koya wa kaina karanta tambarin Jamus da na Rasha daga yagaggun littattafai. Ga wasiƙu nan na liƙa a bango, nawa da na gwaggona. Duk abin da na rubuta ina ajiye kwafinsa, halin da kuke yi mini dariya a kai. Ran mutum ne a cikin takardun nan. Ku karanta su a jere. Wanda ya yage, in sake liƙawa.

*Ulan Bator, 6 ga Satumba, 1993*

Gwaggo Tsermaa,

Ina gaishe ki. Kuna cin kaka lafiya? Dabbobi sun yi ƙiba? Yaya gwiwar mijinki, Baba Mijid? Ni lafiyata ƙalau, in ban da burodin birni da sai an yi masa layi, in ka samu kuma ya fi duwatsun kwarinku tauri.

Rabonmu shekara tara, tun jana'izar kakana Namsrai, yayan mahaifinki. Na san labari ya iso ki cewa na sayar da bindigarsa. Gaskiya ne. Ki zage ni, amma ki bari in gama tukuna. Lokacin da aka raba dabbobin gandun gwamnati ni ban samu ko gurguwar akuya ba, kuma bindiga ba ta dafuwa. Wanda ya saya sunansa Lhagwa. Da ya ga na karanta masa rubutun jikinta, har na gaya masa garin da aka ƙera ta da shekarar, sai ya ce in zauna a rumfarsa in riƙa yi wa bindigogi kuɗi. Shi bai san komai ba sai murmushi.

Ga yadda aikin yake. Ba kyan katako ake fara dubawa ba, wannan na 'yan kallo ne. Sakata ake fara zarewa, ƙarfen nan da maharbi ke ja baya ya tura gaba ya kulle harsashi. A ɗaga bututu a rana a ga ko zanen cikinsa ya cinye. Sannan lamba. Maƙeran suna buga lamba ɗaya a jikin bindiga da kan sakatarta. In sun dace, baƙin da ke zuwa daga Turai su biya kuɗin mota. In ba su dace ba, kuɗin raƙumi mai ƙazuwa.

To, ta Kaka ba su dace ba. Jiki 4417, sakata 4452. Abin ya tsaya mini a rai, sai na tuna Baba yana da irinta sak, rataye a bangon arewa na ger ɗinku, tantin nan naku na ulu. Ki taimake ni ki duba lambobinta biyu ki aiko mini. Ba sayarwa na ce ku yi ba. So nake in sani kawai.

Ɗanki,
Yondon

*Kwarin Hujirt, Zabhan, 3 ga Oktoba*

Yondon ɗan Sanjaa,

Muna lafiya, dabbobi sun yi ƙiba, gwiwar Babanka tana nan tana faɗa masa ranar da za a yi sanyi. Shekara tara ba ka tambaya ko muna da rai ba, da ka tashi tambaya kuma lambar ƙarfe ka tambaya. Haka ake gaisuwa a birni yanzu?

Na karanta masa wasiƙarka yana shan shayi. Da na zo wurin sayarwar ya ajiye ƙwarya, ya fita ya duba dawakin da ba su buƙatar dubawa. Da ya dawo na karanta masa zancen lamba, sai ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Tsohuwa, rubuta wa ɗan banzan nan, jiki 4452, sakata 4417. Ki ce masa littafinsa bai san komai ba."

Ga abin da littafinka bai sani ba. Wani hunturu, kafin a haifi ubanka, dusar ƙanƙara ta rufe su a dutse su biyu kwana tara. Kakanka ne ya goyo shi ya sauko da shi, shi ya sa gwiwar take haka. Da suka iso gida suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka. Masu hali sukan yi musayar ɗamara ta siliki ko wuƙa mai azurfa. Su ba su da komai sai bindigogin nan biyu da suka saya a hannun ɗan Rasha ɗaya, sai suka yi musayar sakata. Kowa ya ɗauki ƙarfen ɗan'uwansa ya ajiye shi daidai idonsa. Shekara arba'in da bakwai ke nan. Ta wannan zumuncin ne ma aka ba shi ni, ba don kyansa ba.

Kyarkeci sun yi yawa bana. Tun da aka daina ba da lada kan fata babu mai bin su. Sun ɗauke mana 'yan tumaki biyu da rana tsaka, kare yana kallo.

Na sa maka busasshen cuku a hannun direban ulu. In ya iso rabi, ka san inda rabin ya tafi.

Gwaggonka,
Tsermaa

*Ulan Bator, 24 ga Oktoba*

*Shafi na ɗaya*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Kun koma masaukin hunturu? Cuku ya iso, kashi ɗaya cikin uku.

Na karanta labarin dutsen nan. Ban sani ba. Da na sani, ƙila da na ci bel ɗina maimakon in sayar. Amma bakina ya riga hankalina kamar kullum: na karanta wa Lhagwa lambobin da ƙarfi don in nuna masa na iya aikina. Idonsa ya yi haske kamar na kyanwa. Akwai wani baƙo da ya daɗe yana zagayen bindigar Kaka, rashin dacewar lamba ce kawai ta hana shi.

Gobe Lhagwa zai taso yankinku da motarsa sayen tsofaffin kaya, shi zai kawo miki wannan. Ta gidan waya sai ta yi mako uku. Zai nemi sakatar da ke jikin bindigar Baba, don ita ce asalin ta Kaka. Wadda ke nan wurinmu kuwa, 4452, ita ce asalin ta Baba, wadda aka ƙera tare da bindigarsa rana ɗaya. A ido tana nan kamar sabuwa, Kaka ya riƙe amanarta, ko ɗigon tsatsa babu. Ni ne jikan Namsrai, kuma in akwai wani nauyin rantsuwa da ya rage a kan Baba game da ƙarfen nan, na sauke masa shi. Ya yi abin da ransa ya so.

*Shafi na biyu*

Amma ki ji wannan da kyau, ki karanta masa sau biyu. Sakatar da ke nan ta mutu. Na jiƙa ta a kananzir ta kwana, na goge ta tas, na shafa mata alli. Inda ƙarfe ya tsage, mai yakan tsatso ya zana layi a kan farin. Layi ya fito, Gwaggo, siriri kamar gashin doki, a gindin haƙoran nan biyu da ke riƙe ta lokacin harbi. Kaka a ƙarshen rayuwarsa yakan cika kwanso da albarushi fiye da kima saboda farautar beyar, ƙaton naman dajin nan, ina jin nan ta samo shi. Tana iya harbi goma lafiya. Tana iya ɓallewa a na farko ta dawo baya, kuma kin san abin da ke bayanta.

Na nuna wa Lhagwa layin da idonsa. Na naɗe ta a tsumma na jefa aljihun tebur, nan za ta zauna. Ya ce in Baba ya yarda ya ba da tasa, zai bar masa sabuwar bindigar Rasha da harsashi ɗari. In ba ku ga sabuwar bindiga a hannu ba, ku ba shi shayi ku raka shi mota. Shawarata ma kada ku bayar ko da me.

Ban manne takardar ba, kin san ba a miƙa wa mutum saƙo a manne kamar ana ce masa ɓarawo. Ki gaida maƙwabta. Ki shafa wa gwiwar Baba man tarbaga, gafiyar dutsen nan.

Ɗanki,
Yondon

*Masaukin hunturu, bayan Dutsen Baƙi, 14 ga Nuwamba*

Yondon,

Muna lafiya. Mun koma bayan dutse, ƙanƙara ta fara da wuri, ta kai gwiwar tunkiya.

Mai gidanka ya zo, ya kwana biyu. Mutum mai ladabi, ya shigo da ƙafar dama, ya karɓi ƙwarya da hannu biyu, ya kawo mana sukari da kyandir. Ya yabe ka har na fara shakkar ko kai yake nufi.

Na karanta wa Babanka wasiƙarka. Da na zo inda ka ce ka sauke masa nauyi, sai mutumin ya zaro tsumma daga ƙirjinsa ya warware. Babanka ya ɗauki ƙarfen ya juya shi, ya shinshina. Ya ce, "Ka tsufa, abokina, amma ka fi ni kyan gani." Ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka binne 'yarmu, sai ran nan. Ya zare ta kakanka ya naɗe ta a shuɗin ƙyalle ya miƙa da hannu biyu, ya ce ta koma wurin mai ita. Ya zura tasa, ta shige ta kulle da ƙara ɗaya kamar ba ta taɓa barin gida ba. Mai gidan naka ya so ya ba shi kuɗi, ya ce ba a sayar da irin wannan. Ka yi abin kirki, ɗana. Na janye rabin zagin da na yi maka.

Rabin da ban janye ba shi ne wannan: wace irin wasiƙa ce take ƙarewa ba sallama, ba suna? Ka tsaya kawai kamar wanda aka kira cin abinci. Takarda ta yi tsada a birni ne?

Bai gwada ta ba tukuna. Harsashi bakwai suka rage masa, ya ce ba zai ɓata ɗaya a kan dutse ba. Mazan kwari sun sa rana: ranar da kwana taran farko na tsananin hunturu suka kama, ashirin da biyu ga Disamba, za su hau su kewaye kyarkecin nan. Jiya sun kashe mana maraƙi. Na ce masa ya bar wa matasa, ya ce matasa ba su iya bambanta sawun kyarkeci da na surukarsu.

Gwaggonka,
Tsermaa

*Ulan Bator, 9 ga Disamba*

Gwaggo,

Ki yafe, gaisuwa ta jira. KADA BABA YA HARBA BINDIGAR NAN. Ki zare sakatar ki jefa ta rijiya. In ya hana, ki ɓoye harsasan, ki ɓoye sirdinsa, ki kwance dokin ki kore shi. Sakatar ta tsage. Wasiƙata shafi biyu ce, ɗaya aka ba ki.

Taki ta iso yau, kwana ashirin da biyar a hanya. Na karanta ta a tsaye, na ruga rumfa, na ja aljihun tebur. Wayam. Makonni shida ina zaune a kan aljihun nan ban taɓa buɗe shi ba, ni mai wayo. Bindigar Kaka kuwa ya ce mini ya kai ta gidansa ajiya, ashe tuni ta hau jirgi da lambobinta a dace.

Na same shi a bayan rumfa yana yankan haƙarƙarin tunkiya da wuƙa. Na ce, "Ina sakatar da na naɗe?"

Ya ce, "Ta tafi gida. Zauna ka ci nama, Malam Lamba."

"Na nuna maka tsagar da idonka!"

"Ka nuna mini alli. Shekara arba'in tana harbi ba ta ce uffan ba, sai yau don ka shafa mata hoda kamar amarya?"

"Ina sabuwar bindigar da ka ce za ka ba shi?"

"Tsoho ya ce ba ya son komai. In tilasta masa? Ni ba a yi mini irin wannan tarbiyya ba."

"Ina shafi na biyu?"

Ya lashi wuƙarsa ya ce, "Hanyar Zabhan akwai iska." Sannan ya dube ni ya ce, "Kai, yi hankali da muryarka. Mutum mai shekara saba'in, harbi nawa ya rage masa a duniya?"

Na kifar masa da akushin a cinya. Maƙwabta suka riƙe ni, suna dariya, wai yaro ya sha karatu ya haukace. Aiki dai ya ƙare.

Na buga tangaraho zuwa garin gundumarku, na roƙi a ba mahayi ya kawo miki. Matar ofishin tangarahon ta ce saƙo zai isa garin yau, amma daga can zuwa bayan dutse ba ta sani ba, an ce mashigar dutsen ta toshe. Kwana goma sha uku suka rage. Ina neman mota.

Yondon

*Uliastai, 19 ga Disamba*

Gwaggo,

Ina Uliastai, babban garin yankinku. Kwana bakwai a bayan motar gawayi, yatsun ƙafata biyu sun yi baƙi. Daga nan babu abin da ke motsi. Babu fetur, in ma akwai babu hanya. Na roƙi wani mai raƙuma, ya dubi takalmina na birni ya ce ba ya ɗaukar gawa tun tana tafiya.

Na sake buga tangaraho sau biyu. Ban sani ba ko wani ya hau da su. Kowace safiya ina zuwa in tambaya ko amsa ta zo, har mai gadin ofishin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Ina ta lissafi kamar mahaukaci. Ƙila sanyi ya sa su ɗage ranar. Ƙila gwiwar ta hana shi hawa. Ƙila kyarkecin ya bi ta gaban wani. Ki ce mini kin ji saƙona, Gwaggo. Ki zage ni shafi goma, zan karanta duka.

Yondon

*Garin gunduma, 4 ga Janairu, 1994*

Yondon,

An ce kana Uliastai, can nake aika wannan. Ni lafiyata ƙalau. Dabbobi suna hannun maƙwabta.

Sun hau ran da suka sa. Su goma sha ɗaya. Da hantsi matasa suka koro kyarkeci uku ta kwazazzabo, Babanka yana zaune bayan dutse inda ya san za su bi. Waɗanda ke kusa sun ce harbin farko ya fita lafiya, babbar macen ta faɗi. Ya ja ya tura ya sake ɗorawa. Na biyun ƙararsa daban ce.

Ba zan rubuta maka yadda fuskarsa ta zama ba. Sakatar ta shiga ta ƙarƙashin idon dama. Sun kawo shi gida a kan bargo, yana numfashi, yana ji, ba ya iya magana. Muka ɗora shi a amalanken raƙumi muka nufi likita, maza huɗu a gaba suna haƙa hanya da shebur.

Rana ta biyu, a kan mashigar, muka haɗu da mahayi yana haurowa daga ɗaya gefen, dokinsa ya kusa faɗuwa. Kwana uku yana fama da hanyar. Ya tambaya ko mun san ger ɗin Mijid, yana da saƙon gaggawa har uku. Na ce ga Mijid nan. Bai gane ba, bawan Allah, ya cire safar hannu ya buɗe takarda ya karanta da ƙarfi kamar yadda aka umarce shi: kada a harba, sakata ta tsage, Yondon.

Babanka ya ji. Kafaɗarsa ta girgiza sau biyu. Na zauna da shi shekara arba'in da huɗu, na san dariyarsa ko ba murya. Ya ɗaga yatsa ya nuna takardar, na sa masa ita a hannu. Da ita a hannunsa ya tafi, kafin mu sauka daga dutsen.

Doguwar wasiƙarka na same ta a nan garin. Na karanta. Na yarda da kai, ɗana, na san akwai shafi na biyu. Amma ni ce na karanta masa na farkon da bakina, na kuma zuba wa mutumin nan shayi da hannuna, na sa masa cuku a aljihu don hanya. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Kada ka zo yanzu, hanya ba ta da kyau. Ka kula da yatsunka.

Gwaggonka,
Tsermaa

*Ulan Bator, 30 ga Janairu, a bangon layin bindigogi*

Kun gama? To ga nawa laifin, in riga ku faɗa. Ni na sayar da bindigar kakana. Ni na buɗe baki na karanta lamba a gaban maciji. Ni na ji kunyar manne takarda, na gwammace in yi wa Lhagwa ladabi. Da yawu kaɗan a bakin ambulan, da Mijid yana shan shayi yanzu. Wannan zan ɗauka har kabarina, ba na neman wani ya taya ni.

Na je wurin hukuma. Sun ce tsoho ne ya sa ƙarfen a bindigarsa da hannunsa, ba a sayar masa ba, ba a tilasta shi ba, kuma kwafin wasiƙa ba shaida ba ce tun da ni na rubuta. Shi ke nan. Saura ku.

Ku uku kuna tsaye ranar da na shafa allin nan, kun sunkuya kun ga layin. Ku biyar kuka riƙe ni ranar akushi, kun ji abin da ya ce game da mai shekara saba'in. Na san sunayenku, kun san na sani.

Lhagwa, rumfarka tana buɗe, jiya ma na ga ka sayar wa wani makiyayi daga Hentii bindiga, kana dafa masa kafaɗa. Ranar Lahadi mai zuwa da tsakar rana, lokacin da layin nan ya fi cika, zan tsaya a gindin bangon nan. Ba ni da wuƙa, ba ni da bindiga, ga hannuwana. Ka fito gaban mutane ka faɗa da bakinka: ka ga tsagar ko ba ka gani ba? A ina ka tsayar da mota ka karanta wasiƙar da aka ba ka amana? Kuma da tsohuwar nan take zuba maka shayi, tsoho yana kuka a kan ƙarfen da ka miƙa masa, ina ka kai idonka?

Ka zo ka amsa. In ba ka zo ba, ku da kuka gani, ɗayanku ya amsa a madadinsa, da ƙarfi, yadda makiyayin Hentii zai ji kafin ya hau dokinsa.

Yondon ɗan Sanjaa, jikan Namsrai